Kayan Da Muka Kai Samaru Da Waɗanda Samaru Ta Nema

'Yan uwa ɗalibai, musamman ƙannenmu da sunayensu suka fito bana. Muna taya ku murna, Allah Ya sa a fara a sa'a. Tun da aka fara sakin sunaye wayoyinmu ba su huta ba, tambayar kuma kusan guda ce: "Yaya, me da me zan haɗa?" Mukan yi dariya kafin mu amsa, domin mu ma mun yi wannan tambayar shekara biyu da suka wuce, sai dai waɗanda muka tambaya ba su taɓa kwana a hostel ba. Shi ya sa muka ga gara mu ba ku labarin tafiyarmu da na ɗakinmu, kowa ya tsinci abin tsinta.

Daren haɗa kaya

Mu biyu muka taso daga Kano, 'ya'yan wa da ƙani, unguwa ɗaya, sakandare ɗaya, sai Allah Ya sake haɗa mu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Da yake tare muka nemi gado, muka yi dacen faɗawa ɗaki guda.

Ana gobe tafiya tsakar gidan kakarmu ta koma kamar wajen buɗen lefe. Umma na cusa wannan, Gwaggo na ƙara wancan, maƙwabta na leƙowa kowacce da shawararta. Aka tara akwatuna huɗu, jakunkunan Gana-mas-go uku, manyan katifu biyu masu laushi, fanka mai tsayuwa, dogon madubi, kafet, labule da saitin farantan tangaran. Takalmanmu kaɗai ƙafa goma sha huɗu ne. Atamfa da leshi kuwa, sai ka rantse biki za mu je mu yi wata uku.

Ba don kuɗi sun yi yawa a gidajenmu aka yi haka ba. Umman ɗayarmu kwasar adashinta ta shekara ta zuba a ciki, Baban ɗayar kuma bashi ya ci wajen abokin kasuwancinsa. Tsoronsu ɗaya ne: kada 'ya'yansu su shiga cikin 'ya'yan masu hali a raina su. Mu ma abin da ke ranmu ke nan. A cikin mutanen da suka cika gidan nan babu wanda ya tambayi faɗin ɗakin, babu wanda ya tambayi mutum nawa za su kwana a ciki.

Daga Unguwa Uku zuwa Kwangila

Da sassafe muka isa tashar Unguwa Uku. Ɗan kamasho ya kalli tulin kayan, ya kalli Umma, ya ce, "Hajiya, amarya za a kai?" Aka yi dariya, amma dariyar ta tsaya da direba ya ce sai mun biya kuɗin kujera biyu saboda kaya. Asarar farko ke nan, tun ba mu bar Kano ba.

Mota ta ɗauki hanya. Muka wuce gonakin shinkafar Kura da filayen noman rani na Kadawa, muka ratsa Kwanar Dangora, muka tsaya jim kaɗan a Tashar Yari inda masu rake da masu dafaffen ƙwai suka yanyame tagogi. A wani rami da direba bai gani da wuri ba muka ji ƙaras daga bayan mota. Ba mu ce komai ba, amma kowaccenmu ta san madubi ya riga mu gidan gaskiya.

A Kwangila aka sauke mu, wurin da hanyar Samaru ke rabuwa da babbar hanyar Kano zuwa Kaduna. Sai da muka ɗauki shatar keke mai ƙafa uku har guda biyu, wanda mu Kanawa ke kira A Daidaita Sahu, sannan kayan suka shige. Muka miƙa, muka wuce Palladan da kwalejin koyon tuƙin jiragen sama, har dogon ginin Majalisar Jami'a ya fara leƙo mu ta saman bishiyoyi.

Wannan jami'a an buɗe ta ranar 4 ga Oktoba, 1962, tana ɗauke da sunan Firimiyan Arewa, Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello. Gari ce guda a cikin gari: ga tsangayoyi, ga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, ga masallatai da coci-coci, ga 'yan kasuwanni, ga rukunonin kwana irin su Amina da Ribadu na mata, da Danfodiyo da ICSA na maza. Abin lura ga baƙo shi ne, ba kowa ne ɗan Samaru ba. Masu karatun Shari'a da na Harkokin Mulki a harabar Kongo suke, asibitin koyarwa kuma yana Shika. Ku tabbatar da harabarku kafin ku ce wa mai keke ya ja. Haka kuma ba kowa ke samun gado a cikin makaranta ba, da yawa haya suke kamawa a cikin Samaru ko Hayin Dogo ko Zango. Wanda bai riƙe shaidar gadonsa a hannu ba, kada ya ɗauko katifa daga gida.

Ɗakin

Ɗakinmu a hawa na biyu yake. Sawu tara muka yi kafin kayan su gama hawa. Da muka tura ƙofa, ga abin da muka gani: gadajen ƙarfe biyu masu hawa biyu, loka huɗu kowacce ba ta fi ta ɗauki jaka ɗaya ba, taga guda, soket biyu. Mun auna tsakar ɗakin da ƙafa daga baya, taku biyar ne ka taɓa bango.

Mun tarar da wata 'yar Funtuwa zaune a gadon ƙasa, ta riga ta gama shiri. Kayanta duka: jaka ɗaya, siririyar katifa, bokiti biyu, buta, da wani ƙullin buhu da ta tura ƙarƙashin gado. Muka gaisa, muka haɗa ido mu biyu. Allah Ya yafe mana, tausayinta muka ji. Da yamma ta huɗunmu ta iso, 'yar Kafanchan, tare da mamanta wadda ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Yarana, ga 'yar uwarku nan, ku riƙe juna amana."

Daga nan kayanmu suka fara tona mana asiri. Gadon hostel ƙafa shida ne a tsawo, faɗinsa kuma bai wuce ƙafa biyu da rabi ba, katifunmu suka ƙi zama, rabinsu na reto a iska. Fanka ta rasa inda za ta tsaya sai a bakin ƙofa, kowa ya shigo ya yi tuntuɓe da ita. Akwatuna huɗu suka cinye wurin salla. Washegari da asuba muka tashi za mu yi wanka, sai muka tsaya muna kallon juna. Duk cikin kayan da suka ci kujera biyu a mota, babu bokiti ko ɗaya.

'Yar Funtuwa ta miƙo mana nata ba tare da ta yi dariya ba. Bayan kwana biyu, da muka ɗan saba, muka tambaye ta wa ya haɗa mata kaya. Ta ce, "Yayata ce, ta yi shekara huɗu a hostel. Cewa ta yi in ɗauki abin da zan nema da asuba, da abin da zan nema da tsakar dare, da abin da zan nema ranar da kuɗi suka ƙare. Sauran in na je na gani." Shekara biyu ke nan muna gwada wannan magana, ba mu kama ta da ƙarya ba. A kanta za mu jera muku kayan.

Abin da za ku nema da asuba

Na farko ruwa. A kowane hostel, na makaranta ne ko na haya, ruwa na da lokacinsa, wanda ya tara shi ne mai ruwa. Ku tanadi bokiti biyu, ɗaya na wanka da wanki, ɗaya mai murfi na ajiya, da buta da moɗa. Game da jarka kuwa, ku yi lissafi tukuna. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato jarka mai lita 25 kilo 25 ce, kuma ku za ku hau bene da ita. Mu mun sayi babba don burga, sau ɗaya muka cika ta. Mai lita 10 ta fi amfani. Ku rubuta sunanku da lambar ɗakinku a jikin kowane mazubi da fenti ko jan farce, domin a layin famfo bokitai duk 'yan gida ɗaya ne. Ba sai kun ɗauko su daga gida ba, kasuwar Samaru na bakin makaranta, ku dai saya kafin dare ya yi muku.

Sai silifas na roba na shiga banɗaki, soso da sabulu a ɗan kwandonsu, tawul, omo, maganin wanke banɗaki, tsintsiya da abin kwashe shara, igiyar shanya da abin maƙale kaya. Banɗakin mutane da yawa ne, tsaftarsa kuma tana wuyan masu shigarsa. 'Yan uwa mata, audugar wata biyu ta kasance cikin jaka tun daga gida.

Na biyu takardu, domin safiyar farko ta rajista da tantancewa ce. Takardar samun gurbi ta JAMB da ta jami'a, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, lambar NIN, rasit ɗin duk kuɗin da kuka biya, da hotunan fasfo fiye da yadda kuke zato. Ku yi wa kowacce fotokwafi aƙalla biyar, ku zuba na asali a fayil na roba, ku riƙe shi a jakar hannu, ku kuma ɗauki hotonsu ku tura wa kanku ta imel. Mu namu a ƙasan akwati na uku suke, ƙarƙashin leshi, sai da muka zazzage ɗakin kaf kafin mu same su, muka isa layi rana ta take. Kuma tun kuna gida ku duba ko sunanku da ranar haihuwarku iri ɗaya ne a dukan takardun. Harafi guda da ya bambanta yana iya sa mutum ya yi ta safa da marwa ana tsakiyar lacca.

Na uku sutura, kuma yanayin gari ne zai zaɓa muku, ba madubi ba. Mun shiga Samaru da hunturu. Sanyin asubar nan ba ya jin kiran leshi. Abin da ya cece mu rigar sanyi ce, da safa, da bargo, da man kaɗanya don kaushi da fashewar leɓe. Daga Maris zuwa Afrilu zafi ke karɓar gari, sai kaya marasa nauyi na auduga. Daga Mayu har zuwa wajen Oktoba damina ce, lema da takalmin da ba ya tsoron taɓo su ne abokan tafiya. Kaya kala bakwai ko takwas na zuwa aji, ɗaya ko biyu na fita kunya, hijabai ko mayafai masu saurin bushewa, sun isa zango guda. Takalmi kuwa a samu mai daɗin tafiya, domin tsakanin hostel da ɗakin lacca tafiya ce ta gaske. A cikin ƙafa goma sha huɗun nan namu, huɗu ne suka san hanyar aji. Masu shiga ɗakin gwaje-gwaje su tambayi sashensu game da farar riga da rufaffen takalmi.

Abin da za ku nema da tsakar dare

Wuta a ƙasar nan baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta tafi. Fitila mai caji ta karatu, ƙaramar tocila ta zuwa banɗaki, da abin adana cajin waya, waɗannan uku ba a barin su. Ƙaramar fanka mai caji wadda za a ɗora a gefen filo ta fi mai tsayuwa sau goma.

Soket biyu ga mutum huɗu ba ya isa, dole sai an nemi wayar jona wuta mai bakuna da yawa, wadda ake kira ekstenshan. A nan ne muka kusa jawo wa kanmu da maƙwabtanmu musiba. Mun sayi mai araha, wani dare muka jona mata murhun lantarki da hita da dutsen guga a lokaci guda. Barci ya fara ɗaukarmu sai 'yar Kafanchan ta zabura ta ce tana jin ƙaurin roba. Kafin ta kashe soket, wayar ta narke ta manne da kafet ɗin nan namu. Da yake injiniyancin lantarki take karantawa, ta zaunar da mu ta yi mana lissafi: ekstenshan mai kyau amfiya 13 take ɗauka, a wutar gida mai bolt 230 hakan ya kama wat 3,000 ko kusa da haka. Murhun lantarki kaɗai yana jan wat 1,000 zuwa 1,500, dutsen guga da hita kowanne na iya jan wajen 1,000. In ka haɗa ukun ka haura iyaka, mai arahar kuwa wayar cikinta siririya ce, ba ta ma kai iyakar kafin ta yi zafi. Tun daga ranar ekstenshan ta koma ta waya da fitila da kwamfuta kawai. Ku sayi mai kauri, kuma kafin ku kashe kuɗi a kan risho ko tukunyar gas ko murhun lantarki, ku karanta dokar hostel ɗinku. Akwai abubuwan da aka hana, kuma ba don mugunta aka hana su ba.

Sai kwaɗo. Guda biyu masu ƙarfi, ɗaya na loka ɗaya na jaka, makulli kuma a wuya ko a ɗaure a jakar hannu. Ba muna cewa abokan zamanku ɓarayi ba ne, amma ɗakin ɗalibai ƙofarsa ba ta hutawa, kuma in abu ya ɓata zargi ne ke fara shigowa, zumunci ya fita ta taga. Sarƙar gwal da duk wani abin da in ya ɓata za a yi kuka a gida, a bar shi a gida.

Ƙaramar jakar magani: farasitamol, ƙunshin gishiri da sukari na ORS, filasta, da man zafi. Mai asma ko sikila ko olsa ya taho da maganinsa da katinsa, ya yi rajista a asibitin makaranta tun makon farko, ya kuma gaya wa abokan ɗakinsa abin da za su yi in ciwon ya tashi. Ba abin kunya ba ne, su ne za su ɗauke ku in dare ya raba. Yankinmu kuma yana cikin inda sanƙarau ke ɓulla lokacin rani, cunkoso a ɗaki na taimaka masa, don haka a tambayi ma'aikatan lafiya game da rigakafi, a kuma riƙa barin taga iska na shiga.

Mun bar gidan sauro a ƙarshe ne da gangan. An saka mana guda biyu a daren haɗa kaya, sababbi a ledarsu. Mu da hannunmu muka cire su don takalma su samu wuri. Da muka ga 'yar Funtuwa na ɗaura nata kowane dare muna ce mata ta shiga kabari tun da ranta. Hunturu ya wuce lafiya, bazara ta wuce, muka ɗauka mun ci riba. Jarrabawar zango na biyu ta same mu a tsakiyar damina, ciyawa ta yi tsawo, kududdufai sun cika. Saura kwana biyu a rubuta kwas mafi wuya, wajen ƙarfe biyu na dare, ɗayarmu ta fara karkarwa har gadon ƙarfen na ƙara. Jiki ya yi zafi rau, ga amai. Babu wuta. Tocilar 'yar Funtuwa ce ta haska mana matakala, ita da 'yar Kafanchan suka riƙe ta kafaɗa da kafaɗa har asibitin makaranta. Aka yi gwaji, zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da magani. Ta shiga jarrabawar da rigar sanyi biyu, biro na rawa a hannunta. Da sakamako ya fito, kwas ɗin ya zama kari-oba, sai da ta sake zama aji ɗaya da ƙannenta ta maimaita shi.

Sauron da ke kawo wannan zazzaɓi da dare yake cizo, shi ya sa gidan sauro mai magani ke aiki. Sabo a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a fara kwana ciki, a taho da igiya ta ɗaure shi, a riƙa cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. In zazzaɓi ya zo a je a yi gwaji, kada a tsaya haɗe-haɗen magani a kemis. Rigakafi ya fi magani, mu mun biya kuɗin sanin haka da shekara guda ta maimaici.

Ita kanta katifar, a sayi 'yar siririya ta ɗalibai, da zanin gado biyu da filo. In ta hannu ce a duba ɗinkinta da kyau a shanya ta a rana, kuɗin cizo a nan yake ɓuya.

Abin da za ku nema ranar da kuɗi suka ƙare

Wannan rana tana zuwa ga kowa, har da 'ya'yan masu hali. Mu ta zo mana saura kwana goma a gama jarrabawar nan, bayan magani da kayan marmarin mai jinya sun lashe ɗan abin da ya rage. Ba mu iya kiran gida ba, mun san adashi ya tafi, bashi kuma ba a gama biya ba. Abin da ke lokarmu madara ce rabin gwangwani da Indomie guda uku. Farantan tangaran na nan a jere, babu abin zubawa.

A daren ne 'yar Funtuwa ta jawo ƙullin buhun nan da muka raina. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, man gyaɗa a gora, garin ɗanwake da kukarsa da kanwarsa, wake, daddawa, busasshiyar kuɓewa, garin kunu da tsamiya. Tun farkon zango take taɓa shi kaɗan-kaɗan, duk hutun tsakiya ta ƙaro. 'Yar Kafanchan ta fito da busasshiyar cittar garinsu da sauran shinkafarta. Kwana goma muna cin ɗanwake da safe, garau-garau da rana, kwaki da ƙuli da dare, mu kora da shayin citta. A faranti ɗaya na silba muke ci mu huɗu. Ko sau ɗaya ba a tuna mana da maganar kabari ba.

Don haka abincin hostel shi ne wanda ba ya lalacewa, ba ya son firiji, ba ya cin wuta da yawa. Ku ƙara da shinkafa, taliya, busasshen tumatir da barkono, gishiri, sukari, ganyen shayi, da dambun nama in an samu. A zuba komai a robobi masu murfi, leda da buhu ba sa hana ɓera da kyankyaso. Tukwane biyu ƙanana, faranti biyu na silba ko roba, kofi, cokula, wuƙa ɗaya, ludayi, sai filas na ruwan zafi. A ware wani ɗan kuɗi a wuri dabam da sunan kuɗin motar komawa gida da na rashin lafiya, a ɗauka ba naku ba ne.

'Yan uwanmu maza, mun san ku kuskurenku kishiyar namu ne. Mukan gan ku a bakin ƙofa da jakar goyo ɗaya da caja, kamar masu zuwa kwana biyu. Mako na uku ake fara ganinku kuna zagaya ɗakunan abokai daidai lokacin sauke tukunya. Ku ma ku karɓi ƙullin da Inna ta haɗa, ba ya rage wa namiji komai.

Mazubin kayan da abin da ba ya shiga jaka

Akwati ɗaya ya isa. Sauran a zuba a Gana-mas-go, jakar nan mai layi-layi da ta samo sunanta a 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardun zama su bar ƙasar, 'yan Gana da yawa suka kwashe kayansu a irinta. Amfaninta a hostel shi ne in an juye kaya sai a ninke ta a tura ƙarƙashin katifa, akwati kuwa ko babu komai a cikinsa yana nan ya tare wuri. In da hali, ku nemi lambar abokan ɗakinku ko ta wani ɗan sashenku da ya riga ku, ku yi tambaya kafin ku sayi komai. Tsintsiya huɗu da dutsen guga huɗu a ɗaki ɗaya ɓarnar kuɗi ce.

Akwai kuma kayan da ba a saye a kasuwa. A ɗakinmu uku na shimfiɗa sallaya, ɗaya na buɗe Baibul. Tana rage sautin waƙarta in mun tada salla, mu ma muna jan hirarmu waje in ta durƙusa addu'a. Ranar Lahadi mukan ajiye mata ruwa kafin ta dawo daga coci, da azumi kuma ita ke tashinmu sahur in ta fito karatun dare. Wurin da kuka tare da kayanku, wurin wani ne kuka ci. Ku taho da haƙuri, da abin sa wa kunne in za ku saurari wani abu, da bakin da ya iya cewa "don Allah ara min" da "na gode."

A ƙarshen shekarar farko muka sake biyan kuɗin kujera don mayar da katifu da fanka da farantan tangaran Kano. Umma ta tsaya tana kallo ana sauke su, yawancin atamfofin ko warware ninkinsu ba a yi ba. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Da mun sani da kuɗin muka ba ku." Wannan maganar ta fi faɗa zafi.

Da muka dawo bana, keke ɗaya ya ɗauke mu daga Kwangila, mu da kayanmu, har da sauran wuri. A gefenmu wasu 'yan mata biyu na ciniki da masu keke, ga akwatuna, ga fanka mai tsayuwa, ga dogon madubi an naɗe shi da zani. Muka taya su ɗorawa, muka tambaye su ko akwai bokiti da gidan sauro a ciki. Suka kalli juna. Muka ce wa mai kekensu ya tsaya da su a kasuwar Samaru kafin ya shiga makaranta.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya haɗa ku da abokan zama nagari, Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya sa mu fito da sakamakon da zai share musu gumi. Amin.